Hannun Akawu Jarinsa: Jawabi a Kan Rababben Allon Rubutu

 

Watakila waɗansu su yi mamakin yadda aka bar manyan al'amuran ƙasa, aka tara mutane a kan zancen allon da ake dannawa a gaban kwamfuta. To, dalilinmu shi ne, yawancinmu da muke zaune a nan ba mu da gona sai tebur, ba mu da fartanya sai wannan allo. Ɗalibin da ke haɗa kundin kammala karatu, da ƙaramin ma'aikacin da aka jibge wa fayiloli, duk da yatsu goma suke neman abinci. Ranar da hannu ya ƙi, aiki ya tsaya. Saboda haka muka ga ya kamata mu tattauna a kan wani irin allo wanda aka raba shi gida biyu domin lafiyar hannu, mu ga abin da ya sa aka ƙera shi, da yadda ake zaɓensa, da yadda ake aiki da shi.

Ciwon masu rubutu daɗaɗɗen abu ne. Wani likitan ƙasar Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a a shekarar 1700, da ya faɗaɗa shi a 1713 sai ya shigar da magatakarda da akawuna. Abubuwa uku ya ɗora wa laifi: yawan zama, da maimaita motsi iri ɗaya da hannu, da ɗaure hankali kada a yi kuskure. A zamaninsa da alƙalami ake aiki, amma duk wanda ya kwana yana buga kundi ya san waɗannan ukun ba su bar mu ba. A cikin shekarun 1980, lokacin da kwamfuta ta fara cika ofisoshi, ƙasar Ostiraliya ta ga ma'aikata masu yawan gaske suna kuka da ciwon hannu da kafaɗa, har abin ya zama maganar kotu da diyya.

Shi allon da muka saba da shi gadon keken rubutu ne, watau tafireta. Wani mutumin Amurka, Christopher Latham Sholes, shi da abokansa suka yi rajistar keken rubutunsu a 1868, kamfanin Remington kuma ya fara sayar da shi a 1874. Daga nan jerin QWERTY ya samo asali. In kun duba da kyau za ku ga layukan madannan ba su daidaita da juna ba, kowane layi ya ɗan goce daga na samansa. An yi haka ne domin kowane madanni yana da sandar ƙarfe a ƙarƙashinsa, tilas a ba kowace sanda hanyar wucewa. Sandunan sun daɗe da tafiya, amma gocewar tana nan, shekara 150 ke nan yatsunmu suna bin karkatar da aka yi domin ƙarfe.

Yanzu muna roƙon kowa ya miƙa hannuwansa gabansa kamar zai yi bugu. Lanƙwasa uku za ku gani. Ta farko, da yake allon ya fi ƙirjinmu ƙunci, sai hannuwa su matso tsakiya, wuyan hannu ya karya waje, wajen ƙaramin yatsa. Ta biyu, tafin hannu ya kife sosai, ƙasusuwa biyu na sangalin hannu su gitta juna, alhali kuwa in hannu yana hutawa a karkace yake, kamar mai shirin yin musafaha. Ta uku, in an ɗaga ƙafafun bayan allon, sai wuyan hannu ya ɗago sama. A cikin wuyan hannu akwai wani ɗan rami tsakanin ƙananan ƙasusuwa 8 da wata tantani mai tauri. Ta nan igiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu suke wucewa, tare da wata jijiya guda mai kai ji zuwa babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na huɗu. Duk lanƙwasar da ta matse ramin nan, jijiyar take takurawa. Shi ya sa wani zai farka cikin dare ya ji yatsunsa sun mutu, ko suna yi masa kamar tafiyar kiyashi.

Masu tunani sun daɗe da lura da wannan. Tun 1926 wani Bajamushe, Klockenberg, ya ba da shawarar a raba madannan keken rubutu gida biyu. A 1977 wata mai koyar da bugu, Lillian Malt, tare da injiniya Stephen Hobday, suka fito da allon Maltron a Ingila, mai rami biyu kamar ƙoƙo, kowane hannu da nasa. Kamfanin Kinesis na Amurka ya fitar da irin nasa a 1992, Apple ya biyo a 1993, Microsoft kuma a 1994. Daga baya aka sami ErgoDox, wanda mai zanensa ya saki zanen kyauta ga kowa, sai masu sha'awa a ƙasashe dabam-dabam suka shiga ƙera nasu, kamar Corne da Lily58 da suka fito daga Japan.

Sauran kalma ɗaya mu warware. Allon da ake sayarwa da araha shimfiɗar roba ɗaya ce a ƙarƙashin madannansa duka, sai an danna har ƙasa kafin harafi ya fito. Shi kuwa wanda muke magana a kai, kowane madanni da makunninsa da sifirin ɗinsa. A irin makunnin Cherry MX, wanda aka fara yi a Jamus a farkon shekarun 1980, zurfin dannawa milimita 4 ne, amma harafi yakan fito tun a milimita 2. Ke nan ba sai yatsa ya buga ƙasa da ƙarfi ba. Daɗin daɗawa, in makunni ɗaya ya mutu, shi kaɗai za a canja.

To, yaya za mu zaɓa? Tambaya ta farko ita ce irin rabuwar. Akwai wanda jikinsa ɗaya ne, madannan kawai aka buɗa kamar fikafikai. Wannan ya fi sauƙin sabo, amma faɗinsa ba ya canjawa, mai faɗin ƙirji da siriri duk awo ɗaya aka yi musu. Akwai kuma wanda ya rabu sarai, rabi biyu da waya a tsakani, kowa ya ajiye shi daidai kafaɗunsa. Mu dai wannan muka fi so, musamman in yana da ƙafafun da za a ɗaga gefensa na ciki, ya tashi kamar jinka, tafin hannu ya daina kifewa.

Ta biyu ita ce jerin madannai. Waɗansu sun riƙe gocewar tafireta, waɗansu kuwa sun jera madannan a miƙe, kowane yatsa da layinsa, an tura na yatsan tsakiya gaba, an jawo na ƙarami baya, gwargwadon tsawon yatsu. Waɗannan sukan kuma ba manyan yatsu aiki. Ku duba rashin adalcin tsohon allo: manyan yatsu biyu, mafiya ƙarfi, madanni ɗaya suke tarayya a kai, na barin fili, ƙaramin yatsa kuwa shi ke gogewa, shi ke sauka layi, shi ke ɗaga babban baƙi. Mu masu rubutun Hausa nauyin ya fi yi mana yawa, domin harafin a, wanda babu kamarsa yawa a harshenmu, ƙarƙashin ƙaramin yatsan hagu yake, alamar hamza ta jama'a da sa'a da 'ya'ya kuma tana wajen ƙaramin yatsan dama.

Ta uku, yawan madannai. ErgoDox yana da 76, Lily58 yana da 58, Corne kuwa 42 kacal. Ƙananan sukan ɓoye lambobi da alamomi a hawa na biyu, sai an riƙe wani madanni da babban yatsa su bayyana. Abin yana da daɗi ga wanda ya ƙware, amma akawun da ke wuni da lissafi kada ya fara da allon da babu layin lambobi.

Ta huɗu, irin makunni. A launukan Cherry, ja yana sauka sumul, kuma nauyin kimanin giram 45 ya ishe shi. Mai ruwan ƙasa yana da ɗan tudu da yatsa zai ji a daidai fitar harafi. Shuɗi yana da tudun, ga kuma ƙara. Wanda ke kwana ɗaki ɗaya da mutum uku, ko yake zama ofis ɗaya da mutum shida, ya nisanci shuɗi in yana son zaman lafiya. A nemi kuma allon da ake zare makunninsa da hannu ba sai an narka dalma ba, domin ƙurar hunturu ba ta jin roƙo.

Akwai wata fa'ida da ta shafe mu fiye da waɗanda suka ƙera allon. Mun san wahalar baƙaƙenmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ ta 'yan'uwanmu na Nijar. A zamanin tafireta sau da yawa da biro ake bi ana sa musu ƙugiya, in an manta kuwa baƙi ya koma baki, ƙasa ta koma kasa. Har yau allon Turanci yana ba da gurbi ga q da v da x da p, waɗanda kalmomin Hausa na asali ba sa buƙata, ya bar namu a waje. Yawancin rababbun allunan nan ana iya sake musu tsari da manhaja irin su QMK da ZMK, mutum ya ce wannan madanni ga aikin da zai yi. Sai dai a sani, allo saƙo kawai yake aikawa, kwamfuta ce ke fitar da harafi. Don haka a fara kunna tsarin Hausa a cikin kwamfutar, Windows da Linux duk suna da shi, sa'an nan a jawo baƙaƙen kusa da yatsu. Wanda ya yi haka ba shi da sauran uzurin rubuta Hausa babu ƙugiya.

Mu zo ga amfani da shi. A daidaita kujera har gwiwar hannu ta yi kusurwa kamar ta kafinta, kafaɗu a sake, ƙafafu a ƙasa. A fara da ɗan rata kaɗan tsakanin rabi biyun, a riƙa ƙarawa har hannuwa su miƙe daga kafaɗa. Haka ma ɗaga tsakiya, kaɗan-kaɗan. Matashin da ake sawa a gaban allo na hutun tafin hannu ne tsakanin jimla da jimla, kada a danne wuyan hannu a kai ana bugu. Linzamin kwamfuta ya zauna a tsakiya ko daf da allon. In wayar da ta haɗa rabi biyun mai kai irin na abin sauraren rediyo ce, kada a zare ta ko a soka ta sai an cire allon daga kwamfuta, domin tana iya ƙona shi.

Lalle ne kuma mu faɗa muku, kwanakin farko akwai takaici. Rababben allo yakan tona asirin wanda ya koyi bugu da ka. Mai miƙa hannun dama ya danna b, ko hagu ya danna y, zai tarar yatsansa ya sauka a kan tebur. Sauri zai ragu ƙwarai, sai an yi makonni kafin ya dawo. Maganinsa minti 15 ko 20 na gwaji kullum, da barin tsari ɗaya ya zauna ba a canja shi kowace safiya. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ya rage masa mako biyu ya miƙa kundi, ya bari sai ya gama.

Saura zancen kuɗi, wanda muka san shi ne a ran kowa. Irin waɗanda ake kawowa a haɗe daga waje da yawansu sun haura dala 300, ban da kuɗin jirgi da na kwastan. Wannan ya fi ƙarfin ɗalibi, ya kuma fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci. Akwai waɗanda ake saye a warwatse a haɗa da kai, sun fi sauƙi ƙwarai, kuma tun da zanensu a buɗe yake, babu abin da zai hana 'yan'uwanmu na sashen injiniyan lantarki su haɗa mana su a nan. Muna ba ƙungiya shawara ta sayi ko da guda biyu ta ajiye a ofishinta, kowa ya gwada kafin ya fitar da kuɗinsa, gani ya kori ji.

Kada kuma wani ya fita daga zauren nan da zaton allo magani ne. Abin da aka tabbatar shi ne yana miƙar da wuyan hannu, yana rage lanƙwasar da muka nuna. Amma mutuwar yatsu tana da waɗansu dalilai, kamar ciwon sukari, da juna biyu, da ciwon gaɓoɓi. Wanda yatsunsa ke tashinsa daga barci, ko abu ke suɓuce masa daga hannu, asibiti ya kamata ya nufa kafin kasuwa. Wanda kuma ba shi da halin saye, ya kwantar da ƙafafun bayan allon da yake da shi, ya sassauta dannawa, ya tashi ya miƙe bayan kowane rabin sa'a. Wannan ko kwabo ba ya ci.

'Yan'uwa, yawancinmu shekara 30 ko 35 na aiki ke jiranmu, kuma waɗansunku za su zama masu sa hannu a takardar sayen kayan ofis. In ranar ta zo, ku tuna da mai buga muku takardu, ku tambaye shi ko ku tambaye ta lafiyar hannu kafin ku tambayi inda wasiƙa ta kwana. Shugaban taro, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.