Rotse Da Abin Da Ya Fi Rotse: Raunin Kai Da Ido Ga Yara



Fannina shi ne nazarin harshe, saboda haka da kalma zan fara. Idan aka jefi mutum da dutse kansa ya fashe, Bahaushe sai ya ce an yi masa rotse. Shaidar rotse ita ce jini. Daga nan ne al'ada ta ɗauka cewa yaron da ya faɗi, in jini bai fito ba, bai ji ciwo ba. Sai a mulmula ƙulun da ya fito, a ce ya tashi ya ci gaba da wasa. Maƙasudin wannan lacca shi ne in nuna cewa binciken jami'o'i ya rushe wannan ma'auni.

A shekarar 1943 wani masanin kimiyya na Jami'ar Oxford a Ingila, mai suna Holbourn, ya ƙera siffar ƙwaƙwalwa da wani abu mai laushi kamar daskararren romon ƙafar saniya, ya yi ta gwaji a kanta. Ya gano cewa babbar ɓarna tana zuwa ne lokacin da kai ya juya farat ɗaya. Ƙoƙon kai yana juyawa, ƙwaƙwalwa kuwa tana ɗan jinkiri a ciki, watau kamar yadda nono yake yi in an murɗa ƙwarya da sauri. A wannan ɗan tsakani ne siraran jijiyoyi suke tsinkewa, jini ya taru a ciki alhali fata lafiya lau.

To, ina yaro a cikin wannan lissafi? Kan jariri kusan kashi ɗaya ne bisa huɗu na tsawon jikinsa, na babba kuwa wajen ɗaya bisa takwas. Ga kai mai nauyi, ga wuya marar ƙwari. Ƙasusuwan kan ba su gama haɗuwa ba, kuma maɗiga ba ta rufewa sai wajen wata 18. A 1971 likita Guthkelch na Ingila ya bayyana cewa girgiza jariri da ƙarfi yana iya jawo tarin jini a cikin kai. A 1987 Duhaime da abokan aikinta a Jami'ar Pensilbeniya ta Amurka suka gwada da 'yan tsana masu na'urar awo, suka ga ƙarfin buguwar kai da wani abu ya zarce na girgiza kaɗai nesa ba kusa ba. Irin wannan aiki ne Farfesa Brittany Coats ta ci gaba da yi a Jami'ar Yuta, inda ta haɗa har da ido.

Ido ma haka yake. A cikinsa akwai ruwa mai kauri kamar farin ƙwai, wanda yake manne da tantanin gani na can baya. Mannewar ta fi ƙarfi ga yaro, shi ya sa masana suke binciken yadda fizgar kai take jan tantanin har ya yi jini. Bugu da ƙari, ƙwaƙwalwa tana koyon gani ne har zuwa shekara 7 ko 8. Idan tsinke ko dutsen danƙo ya sa wa ido yana, aka bar shi ba magani, ƙwaƙwalwa sai ta daina aiki da shi, ko da an gyara daga baya ganin ba ya dawowa sosai.

Yanzu sai mu dawo gida. Hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa Birnin Kudu, kuma daga nan har Gwaram kowa ya san yadda ake ɗora yara uku ko huɗu a babur ba hular kwano, alhali nazarin da aka tattara a 2008 ya nuna hular tana rage raunin kai da kashi 69 cikin ɗari. Ga faɗowa daga amalanke, da bishiyar mangwaro, da duwatsun garin. Ga yarinya 'yar shekara 6 goye da ƙanenta. Ga bulalar da aka nufi baya ta sauka a ido.

Abin da nake roƙon iyaye da malaman makaranta shi ne su lura da yaron da ya bugu a ka, ko ba jini. In ya yi ta amai, ko barci ya yi masa nauyi, ko ya yi jijjiga, ko maɗiga ta kumbura, ko bakin ido ɗaya ya fi ɗaya faɗi, to a garzaya asibiti, kuma ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan a Birnin Kudu. Idon da ya ji rauni kada a murza shi, kada a ɗiga masa nono ko ruwan ganye, kada a zare abin da ya soke shi. A kife ƙaramin kofi mai tsabta a kai a tafi.

Ku kuma ma'aikata da ɗalibai, ga naku rabon. Awon da na ambata an yi shi ne da gadajen Turawa da daɓensu da kujerun motocinsu. Yaronmu daga kan jaki yake faɗowa bisa busasshiyar ƙasa. Kamata ya yi kowace ɗakin shan magani ta riƙa rubuta abu uku: shekarun yaro, tsawon inda ya faɗo, da abin da ya faɗa a kai. Da irin wannan rajista likitoci da injiniyoyi na Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, za su sami abin aunawa. Mu kuwa masu nazarin Hausa, bashi ne a wuyanmu mu samar wa raunin da ba ya jini suna wanda uwa a Gwaram za ta ji ta ɗauki mayafinta nan take.