Kafin maganin miliyoyi, a duba tafin ƙafa

 

Duk taron da aka yi kan ciwon daji a 'yan shekarun nan, sai wani ya miƙe ya ce babbar matsalarmu ita ce rashin sababbin magungunan nan masu zaburar da garkuwar jiki. Ni ban yarda ba, kuma yau da sankarar fata zan kafa hujja.

Tarihin kun san shi. James Allison a Amurka da Tasuku Honjo a Japan sun gano cewa ƙwayoyin garkuwar jiki suna da birki, kuma ciwon daji ya iya taka musu shi. Aka haɗa magungunan da ke sakin birkin, aka ba su kyautar Nobel a 2018. Maganin yana aiki, babu gardama. A 2024 aka fitar da sakamakon shekara goma na gwajin CheckMate 067, wanda aka yi a kan mutum 945 masu baƙar sankarar fata, wato melanoma, da ta riga ta yaɗu. Cikin waɗanda aka haɗa wa nivolumab da ipilimumab, 43 cikin 100 suna raye bayan shekara goma. A da, yawancin irin waɗannan marasa lafiya da ƙyar suke kai shekara guda.

To amma su wane ne aka gwada? Kusan dukkansu fararen fata ne, kuma sankararsu galibi rana ce ke haddasa ta. Hasken rana yana dagula ƙwayoyin halittar ciwon ƙwarai, har garkuwar jiki ta gane shi da sauƙi da zarar an sake ta. Tamu ba haka take ba. A tafin ƙafa take fitowa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, inda rana ba ta da hannu. Irinta ce ta fara wa Bob Marley a yatsan ƙafa, ta kashe shi a 1981 yana da shekara 36. Binciken da aka yi a Sin da Japan, inda irin wannan ta fi yawa, ya nuna ba ta jin maganin kamar waccan.

Ga abin da nake so mu riƙe. A 1970 wani likitan binciken tsoka, Alexander Breslow, ya nuna cewa kaurin ciwon, idan aka auna shi da milimita a ƙarƙashin madubin likita, shi ne ke faɗin makomar mara lafiya. Har yau da wannan awon ake aiki a duniya. Idan kaurin bai kai milimita ɗaya ba, tiyata kaɗai tana warkar da fiye da 90 cikin 100. Idan ya haura milimita huɗu, sau da yawa ciwon ya riga ya kama hanyar kaluluwar matsematsi. Tazarar milimita uku ce kawai, kuma a nan ne muke rasa mutanenmu. Manomi ya ga baƙin tabo a diddige, ya ce ƙaya ce ko faso. Ya je kemis a ba shi man shafawa, ya je wurin wanzami a tsaga. Ranar da ya iso asibiti, abin da ya fi ci mini rai shi ne a yanke tsiron a jefar, ba a sa shi a ruwan fomalin an aika awo ba. Inda aka aika ma, sakamako ya ɗauki makonni, mai ciwo ya koma ƙauye, ba mai lambar wayarsa. Wannan laifinmu ne mu likitoci, ba na wanzami ba.

Haka zancen yake ga zabiya, waɗanda rana ke cin fatarsu tun suna yara, da masu tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya ƙi warkewa har ya rikiɗe ya zama sankara.

Za a ce ai talaka ma ya cancanci maganin zamani. Wa ya musa? Sai dai ko kyauta aka kawo shi, ba a ɗura wa mutum shi sai da sakamakon awon tsoka a hannu. Masu tallan manhajar waya mai gane ciwo daga hoto kuma, su tuna irin wannan aikin da Jami'ar Stanford ta yi a 2017, mai hotuna kusan dubu 130, galibi a kan farar fata aka horar da shi.

Abin da nake nema daga NICRAT, wato hukumar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa, da ma'aikatun lafiya na jihohi bai fi ƙarfinsu ba. Ya zama doka cewa duk tsiron da aka yanke daga jikin mutum sai an aika shi awo, kuma gwamnati ta ɗauki kuɗin awon. A samar da motar da za ta riƙa tattaro samfura daga manyan asibitocin ƙananan hukumomi zuwa asibitocin koyarwa kamar na Kano da Shika da Maiduguri, sakamako ya dawo cikin mako biyu. A raba wa yara zabiya hula mai faɗi da man kare rana a makarantu. Kuma a koya wa kowane ma'aikacin asibitin shan magani ya ce wa dattijo, "Baba, a cire takalmi in duba ƙafar," ko da ciwon kai ne ya kawo shi.