KORONA DA MURA: ƘIYASIN DA BAI CIKA SHARAƊI BA

Wannan matanin lacca ce da ɗaya daga cikin malamanmu ya gabatar a Tsohon Birnin Gwari, Jihar Kaduna, tsakanin Magariba da Isha'i. Mun kawo ta ga masu karatu saboda fa'idar da ke cikinta.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya ba ɗan Adam hankali domin ya rarrabe tsakanin abubuwa masu kama da juna. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.



Maudu'inmu na wannan dare shi ne wata magana da ta cika bakunan jama'a a shekarar 2020, wato cewa "ai korona mura ce", wasu ma har suka ƙara da cewa murar masu kuɗi ce, 'yan hawan jirgin sama. Annobar dai ta lafa, kuma tun ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire ta daga matsayin dokar ta-ɓaci. To amma maganar tana nan da ranta, kuma duk ranar da wata sabuwar cuta ta ɓullo, da ita za a sake tarbar ta. Shi ya sa ya kamata mu ɗora ta a kan mizani yanzu da ƙura ta kwanta.

ƘIYASI DA RUKUNANSA

Ɗaliban Usulul Fiƙhi sun san ƙiyasi yana da rukunai huɗu: asali, da reshe, da illa, da hukunci. Mai cewa korona mura ce ƙiyasi ya yi, ko ya sani ko bai sani ba. Asalinsa mura, reshensa korona, illar da ta haɗa su tari da zazzaɓi da atishawa, hukuncin kuwa shi ne a sha citta da kanumfari a ci gaba da harka. Alhali malamai sun tabbatar da cewa matuƙar akwai bambanci mai tasiri tsakanin asali da reshe, to ƙiyasin ya ɓaci, shi ne suke kira ƙiyasi ma'al fariƙ. Bahaushe ma ya ce kama da wane ba wane ba ne. Wannan ƙiyasi ya sami tangarɗa ta fuska biyu: ba a san asalin ba, kuma an rufe ido daga bambancin.

SHIN MUN SAN MURAR KANTA?

A harshenmu kalmar mura tana ɗauke da abu biyu. Akwai ta majina da toshewar hanci, wadda kan wuce cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma wadda likitoci ke kira infuluwenza, mai zuwa da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi, wadda kan sauka huhu ta zama ciwon haƙarƙari. Wannan ta biyun, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, tana kashe mutane tsakanin 290,000 zuwa 650,000 a duniya kowace shekara, kuma ta fi yi wa tsofaffi da ƙananan yara da masu juna biyu illa.

Kakanninmu sun ga abin da mura ke iyawa idan ta zo da sabon salo. A watan Satumba na 1918 infuluwenza ta sauka Ikko ta jirgin ruwa, ta biyo layin dogo da hanyoyin fatake ta shigo ƙasar Hausa, mutane suka sa mata suna Marisuwa. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya, a lokacin da duk jama'ar ƙasar ba su kai miliyan 20 ba. Ashe ke nan ko da ƙiyasin ya inganta, hukuncin da aka fitar ba daidai ba ne, domin murar ma ba abar rainawa ba ce. Sabo ne kawai ya sa muka daina jin tsoronta.

INA BAMBANCIN YAKE?

Korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a Disambar 2019, aka sami mutum na farko da ita a Nijeriya a ƙarshen Fabrairun 2020. A wancan lokaci ta sha bamban da mura ta fuskoki huɗu.

Na farko, baƙuwa ce. Mura tana kewayo kowace shekara, jikin kowannenmu ya taɓa gamuwa da ita ko da danginta, yana da ɗan makamin tarbar ta. Ita kuwa korona ta tarar da duniya babu mai garkuwarta, tamkar wuta ce ta faɗa dajin Kamuku a tsakiyar rani, babu inda aka yi mata shara.

Na biyu, saurin yaɗuwa. Mai mura, a tsaka-tsaki, ba ya cika harbin mutum biyu. Mai korona ta farko kuwa yakan harbi biyu zuwa uku. Wani zai ga ratar kaɗan ce, to ya lissafa: idan ɗaya ya ba uku, ukun suka ba tara, taran suka ba 27, kafin a zagaya sau goma maganar ta zama ta dubban mutane.

Na uku, ɓuya. Mura takan bayyana cikin kwana ɗaya zuwa huɗu. Korona takan kwanta kwana biyar ko shida, wani lokaci har 14, kuma mutum na iya rabawa jama'a tun bai ji komai a jikinsa ba. Yana cikin sahu, yana musafaha, yana cin tuwo kwano ɗaya da mahaifinsa.

Na huɗu, kisa. Mura ba ta kai ta kashe mutum ɗaya cikin 1,000 da suka kamu ba. Korona ta farko, a ƙasashe masu yawan tsofaffi, ta kashe tsakanin biyar zuwa goma cikin 1,000. Ga shi a lokacin mura tana da allurar rigakafi, ita kuwa babu. Sai a Maris 2021 allurarta ta iso Nijeriya. Sakamakon haka, an rubuta mutuwar mutum wajen miliyan 7 a duniya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 da 2021 kaɗai an sami ƙarin mace-mace miliyan 14.9 a kan abin da aka saba.

SHUBUHAR DA AKE KAWOWA

Wani zai ce: Malam, mu nan ba mu ga gawarwaki a titi ba. Gaskiya ne annobar ba ta yi mana ɓarnar da ta yi a Italiya ko Amurka ba, wannan kuma rahamar Allah ce. Daga cikin sabubbanta akwai cewa rabin mutanen Nijeriya ba su kai shekara ashirin ba, cutar kuwa tsofaffi ta fi kayarwa. Sannan mamacinmu ba a jiran takardar likita kafin a kai shi makwanci, don haka adadin mutum 3,000 da ɗoriya da hukuma ta rubuta bai ƙunshi kowa ba. Ku tuna abin da ya faru a Kano a watan Afrilun 2020, dab da azumi, lokacin da masu haƙar kabari suka koka da yawan jana'iza. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an lissafa mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna iya zama da nasaba da korona, galibinsu dattawa. Malamai nawa muka rasa a waɗannan makonni?

Wani kuma zai ce: mu mutanen Birnin Gwari, a 2020 ɓarayin daji ne damuwarmu, da zazzaɓin cizon sauro, da yunwar da dokar kulle ta jawo lokacin da aka rufe Jihar Kaduna sama da wata biyu, har aka dakatar da Juma'a. Wannan kuka ne na gaskiya, kuma babu mai adalcin da zai musa cewa talaka mai neman na yau da yau ya sha wuya. Haka zargin da jama'a ke yi wa magungunan waje yana da tushe, tun gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996. To amma girman wata musiba ba ya shafe samuwar wata. Hasali ma hujjar a kanmu take komawa: wanda numfashi ya sarƙe wa mahaifinsa a Kaduna, asibiti na kusa da shi. Wanda abin ya same shi a nan, a shekarun da hanyar Kaduna da ta Funtuwa suka zama abin tsoro, ina zai nufa da shi cikin dare? Wanda magani ya yi wa nisa shi ya fi kowa bukatar rigakafi.

YADDA MAGABATA SUKA YI

Ya inganta a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita don gudun ta. Da wannan Sayyidina Umar (R.A.) ya yi aiki lokacin da ya nufi Sham ya sami labarin annoba, ya juya da jama'arsa daga Sarga. Da Abu Ubaida (R.A.) ya ga kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya nuna masa cewa komawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Annobar Amwas ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, har sai da Amru ɗan Asi (R.A.) ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, sannan Allah Ya ɗauke ta. Wa ya fi waɗannan tawakkali?

Hafiz Ibnu Hajar kuma, a littafinsa Bazlul Ma'un, ya kawo cewa a shekara ta 833 bayan Hijira mutanen Alƙahira sun fita fili sun taru don roƙon a ɗauke annoba, kamar yadda ake roƙon ruwa, sai mace-macen suka ninka bayan taron. Ya kuma bayyana cewa wannan fitar ƙirƙirarriya ce. Ku duba yadda barin Sunna ya haɗa wa mutane hasara biyu.

ABIN DA YA HAU KANMU

Hukunci yana tafiya ne tare da illarsa. A yau mafi yawan mutane sun sami garkuwa, ko ta allura ko ta kamuwa, don haka hatsarin korona ya ragu ƙwarai, ko da yake har yanzu tana kayar da tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini. Abin da muke so ya zauna a zukata shi ne ƙa'idar:

1. Idan sabuwar cuta ta ɓullo, kada a yanke mata hukunci da kamannin alamu. A tambayi masana: yaya saurinta, wa take kashewa, akwai garkuwa?
2. Mai tari da zazzaɓi ya yi sallarsa a gida har ya warware. Shari'ar da ta nisanta mai warin tafarnuwa daga masallaci don kada ya cutar da jama'a, ba za ta yarda a shigo musu da cuta ba.
3. A rufe baki yayin atishawa, a yawaita wanke hannu, a buɗe tagogin masallatai da makarantun allo.
4. Yaro ko tsoho da numfashinsa ya yi sauri, ko haƙarƙarinsa ke lotsawa, a gaggauta kai shi asibiti, kada a ce mura ce.
5. Kada a yaɗa labarin da ba a tantance ba, na tsoratarwa ne ko na rainawa, domin Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike.
6. Idan hali ya tilasta zaman gida, mawadata su ɗauki nauyin maƙwabtansu, kada yunwa ta kore su waje.

Tsare rai yana cikin larurori biyar da Shari'a ta zo don kiyayewa, kuma dattawan da ke sahun farko amana ne a wuyanmu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari lafiya, Ya tsare mu daga annoba ta fili da ta ɓoye. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne.