Tsangwamar Wariya a Wurin Aiki da Hujjar "Wasa Nake Yi"

Tsangwamar wariya a wurin aiki ita ce duk wata magana ko ɗabi'a da ma'aikaci bai yi maraba da ita ba, wadda ake yi masa saboda ƙabilarsa, ko addininsa, ko jinsinsa, ko nakasar da ke jikinsa, ko garin da iyayensa suka fito, har ta kai ga zubar masa da mutunci ko sa shi fargabar fitowa aiki kowace safiya. Ta bambanta da wariyar da aka fi sani, wato hana mutum aiki ko ƙarin girma, domin wancan hukunci ne da ake yankewa a rana guda kuma yakan bar shaida a fayil, alhali ita tsangwama tarin ƙananan abubuwa ce: laƙabin da aka liƙa wa mutum, da kwaikwayon karin harshensa, da habaici a kan salla ko zuwa coci, da mantawa da sunansa da gangan idan za a kira taro. Kowanne daga cikinsu, idan aka ɗauke shi shi kaɗai, bai isa a kai ƙara ba, kuma wannan ne ya sa doka ta daɗe ba ta gane ta ba.

A Amurka an haramta wariya a wurin aiki tun da dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964, amma sai a 1986 Kotun Ƙoli ta ƙasar, a shari'ar bankin Meritor, ta amince cewa gurɓata wa ma'aikaciya yanayin aiki shi ma wariya ce, ko da ba a kore ta ba, ba a kuma taɓa albashinta ba. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta ƙara fayyace batun, inda ta sa ma'aunin ya haɗa da manufar mai yin abin da kuma sakamakonsa a kan wanda aka yi wa, ta yadda kyakkyawar niyya ba ta isa ta wanke mutum ba. Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a Janiba a 2019, kuma Nijeriya ta amince da ita a 2022, ta bi wannan hanya, har ma ta ƙara da cewa abu ɗaya tak yana iya zama tsangwama idan ya cutar ko yana iya cutarwa.

Wannan ma'auni yana da wuyar karɓuwa a ƙasar Hausa, domin hujjar da mai tsangwama yake fara kawowa ita ce "wasa nake yi", kuma hujja ce mai gindi a al'ada. Wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko Gobirawa da Yarabawa, da wasan taubasai a cikin dangi, tsohuwar hanya ce ta sassauta gaba, wadda har UNESCO ta sanya irinta ta Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun duniya a 2014. Sai dai wanda ya lura da yadda ake yin wannan wasa zai ga cewa yana da sharuɗɗa biyu da ba a faɗa: an san su waye abokan wasa tun kaka da kakanni, sannan wanda aka tsokana yana da cikakken ikon ramawa nan take, a gaban jama'a, ba tare da ya rasa komai ba. Ofis yakan rushe sharaɗi na biyu gaba ɗaya. Idan darakta ya kira masinja da sunan da ake yi wa ƙabilarsa gori da shi, masinjan zai yi dariya, amma dariya ce ta wanda ya san mai maganar ne yake sa hannu a takardar hutunsa, kuma shi ne zai iya tura shi wani lungu da sunan canjin wurin aiki. Don haka dariyar wanda aka yi wa abin ba ta zama shaidar yardarsa, kuma tambayar da ta kamaci kwamitin bincike ita ce ko zai iya mayar da martani makamancin wannan ya kwana lafiya a kan aikinsa.

Dokokin Nijeriya sun taɓo batun ne a warwatse. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare mutuncin ɗan Adam, sashe na 42 kuma ya hana wariya saboda al'umma, ko ƙabila, ko wurin asali, ko jinsi, ko addini, ko ra'ayin siyasa, ko yanayin haihuwa, ko da yake lafazinsa ya fi karkata ga dokoki da ayyukan gwamnati. Nakasa ba ta cikin wannan jeri, sai da aka yi mata dokarta ta 2018, kamar yadda aka yi wa masu ɗauke da cutar ƙanjamau a 2014. Babban sauyi ya zo ne da gyara na uku na Kundin Tsarin Mulki na 2010, wanda ya kawo sashe na 254C, ya ba Kotun Ƙwadago ta Ƙasa hurumin sauraron ƙararrakin wariya da cin zarafin jinsi a wurin aiki, tare da ikon yin aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago da ƙasar ta amince da su. Da wannan iko ne kotun ta yanke hukunci a 2013, a ƙarar da wata ma'aikaciya ta shigar a kan kamfanin Microsoft Nigeria da shugabansa na lokacin, cewa cin zarafin jinsi wariya ce, kuma alhakinsa yana hawa kan kamfanin da bai tsawatar ba.

Amma wannan ƙofa ta fi buɗuwa ga mai takardar ɗaukar aiki, da kuɗin lauya, da saƙonnin da ya adana a waya. Yarjejeniya ta 190 ta shigar da masu koyon sana'a, da masu neman aiki, da ma'aikatan da ba su da rajista, ta kuma ƙidaya hanyar zuwa aiki da saƙonnin waya na aiki a matsayin wurin aiki, wato a ƙa'ida ta haɗa da yaron shago a Kantin Kwari, da 'yar aikatau, da gurgun da ke koyon ɗinki. Waɗannan ba su da sashen kula da ma'aikata da za su rubuta wa koke, kuma wanda ya kamata su kai wa kuka sau da yawa shi ne maigidan da ake kuka da shi, ko kuma wanda ya kawo su wurinsa, wanda zai ba su haƙuri domin kada zumuncinsa da maigidan ya ɓaci.