REDIYO MAI MEMORI: DUBA SHI KAFIN KA KAI GYARA

Wannan jawabi ne da wani mai gyaran rediyo ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a garin Miga. Mun buga shi don sauran masu karatu su amfana.

Malamin ajinku ne ya ce in zo in yi bayani a kan ƙaramin rediyon nan mai memori, wanda samari ke kira MP. Na ga wasunku sun zo da nasu. Madalla.

A da kaset muke saye. In zarensa ya fito, mu naɗe shi da biro. Yau memori bai wuce girman farce ba, amma yana ɗaukar karatun Alƙur'ani izu sittin, da wa'azi, da waƙoƙin Shata. Mai shinkafa a fadama yana aiki yana saurare. Masunci a kogin Haɗeja ma haka.

Zan faɗa muku gaskiya, ko da za ta rage mini ciniki. Da yawa daga rediyon da ake kawo mini lafiyarsu ƙalau. Mutum zai biya kuɗin mota zuwa Jahun ko Haɗeja a kan abin da zai iya gyarawa yana zaune a kan tabarmarsa. To, ga abubuwan da za ku duba.

IN YA ƘI KAMAWA

Fara da batir. Buɗe murfin baya ka cire shi. Za ka ga ƙananan ƙarafa masu ruwan zinariya a bakinsa. Ƙurar hunturu da gumin hannu suna sa su datti. Goge su da busasshen tsumma mai tsabta. Mayar da batirin yadda bakinsa zai haɗu da ƙarafan rediyon. In yana rawa a gidansa, ninka 'yar takarda ka tokare shi ta baya. In duk da haka shiru, ari batirin maƙwabcinka irin naka ka gwada. In ya kama, batir za ka saya, ba rediyo ba.

IN YA ƘI SHAN CAJI

Kada ka yi saurin ɗora wa rediyo laifi. Igiyar caji ta fi saurin mutuwa, domin tana karyewa ta ciki. Gwada wata igiyar. Sannan leƙa ramin da ake soka ta. In ƙasa ta cika shi, kashe rediyon ka fitar da ita a hankali da tsinken tsintsiya. Kada ka sa allura ko ƙusa.

Ga inda karatunku zai yi amfani. Duba jikin caja, ka nemi inda aka rubuta 5V. Ita ce daidai da irin wannan rediyo. Kada ka jona shi kai tsaye da batirin mota ko babban batirin sola. Ƙarfin wutarsu 12V ne, zai ƙone nan take.

IN YA KAMA AMMA MEMORI YA YI SHIRU

Wannan ya fi kowanne yawa. Sau da yawa rediyon yana wajen tasha ne, ba wajen memori ba. Nemi madanni mai harafin M. Danna shi sau ɗaya, ka dubi gilashi. In ka ga FM, kana wajen tashoshi, irin su Rediyon Jigawa. In ka ga TF, ka zo wajen memori. In ka ga USB, wajen filashi ne. Kun ga haruffa biyu ko uku sun hutar da ku tafiya.

In ka zo TF bai yi magana ba, kashe rediyon ka zare memorin. Goge bakinsa da tsumma, ka mayar. In ya ƙi shiga, juya shi, kada ka tura da ƙarfi. Kuma kada ka zare memori rediyo yana cikin magana. Hakan yana iya ɓata abin da ke ciki.

IN YANA TSALLAKE WASU ABUBUWA

Wani zai ce an tura masa karatu goma, uku kawai yake ji. Dalili shi ne yawancin waɗannan rediyo MP3 kaɗai suka sani. Ba sa karanta bidiyo, ko saƙon murya na WhatsApp. Ka ce wa mai tura waƙoƙi ya mayar maka da su MP3. Ka saurara a gabansa kafin ka biya.

Wajen sayen memori, karanta lambar jikinsa. Mai 8GB ko 16GB ya ishe ka. Da yawa daga rediyon nan ba sa karanta wanda ya wuce 32GB. Akwai kuma jabu a kasuwa. Za a rubuta babbar lamba, alhali cikinsa ɗan kaɗan ne. In ka ga araha ta yi yawa, yi hattara. Araha ba ta ado.

IN YA FAƊA RUWA

Mu mutanen bakin kogi mun san wannan. Abu na farko, kada ka kunna shi don ka ga ko yana aiki. Kunnawar ce ke kashe shi. Cire batir nan da nan. Cire memori. Zazzage ruwan, ka ajiye shi a buɗe a inuwa, inda iska ke kaɗawa, kwana biyu ko uku. Kada ka kai shi bakin murhu. Wasu suna binne shi cikin buhun shinkafa. Iska ta fi shinkafa busar da shi, kuma garinta yana toshe ramuka.

IN BATIR YA KUMBURA

Wannan ba ya gyaruwa. In ka ga batir ya yi ciki, ko yana zafi sosai wajen caji, daina aiki da shi. Kada ka huda shi, kada ka jefa shi a wuta, kada ka ba yara su yi wasa da shi. Yana iya kamawa da wuta. Kada kuma ka bar rediyo a caji a kan katifa ko kusa da dangar kara ka yi barci.

ABIN DA YA FI REDIYON DARAJA

Zan rufe da wani labari. Bayan ambaliyar 2022, wadda ta ci gidaje da gonaki a nan ƙasar Miga, wata dattijuwa ta kawo mini rediyonta. An tsamo shi daga taɓo, jikanta ya kunna shi da jiƙonsa, ya ƙone. Na ce, "Inna, sai haƙuri, wannan ya gama aiki."

Ta ce, "Ɗana, ba rediyon ne ya dame ni ba. Muryar Malam tana ciki."

Ashe mijinta ne ya rasu. Kafin rasuwarsa 'ya'yansa sun ɗauki karatunsa na asuba sun sa mata a memori. Na zare memorin, na goge, na bar shi ya bushe, na sa a nawa rediyon. Sai ga muryar Malam tar. Ta zauna a bakin shagona tana hawaye har surar ta ƙare.

Saboda haka ku riƙe abu biyu. Na ɗaya, in akwai abin da kuke ji da shi a memori, ku sa a kwafe muku shi a wani memorin ko a waya. Ku ƙulle na biyun a leda, ku ajiye tare da takardun gona. Ba a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya ana tsallaka rafi. Na biyu, in mai shago ya ce zai yi wa memorinku fomatin, ku dakatar da shi. Fomatin share komai ne. Ku ce ya fara kwafe abin da ke ciki, ku ji da kunnenku, sannan ya share.

In kun duba duk waɗannan bai tashi ba, to ku kawo mana, aikinmu ne. Amma ku zare memorinku tukuna, ku sa a aljihu.

Ku riƙe zuwa aji, kada ku gaji. Allah ya kare mu daga ambaliya, ya ba mu damina mai albarka.