Ƙuri'ar Damagaram: Tarihin Mazaɓar Jaharmu a Majalisar Dokokin Nijar

 

Kwamitin shirya wannan biki na cikar sarauta shekara ɗari ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan wata kujera wadda ba a gadonta, wato kujerar depite a majalisar dokokin ƙasa, da kuma yadda mutanen jahar Damagaram suka riƙa jefa ƙuri'arsu tun ranar da aka fara neman ra'ayinsu. Abin da ya haɗa wannan magana da taronmu na yau a fili yake: talakan da ke zuwa gaisuwa ƙofar fada da safe, shi ne ke shiga layin zaɓe da hantsi. Duk abin da ya taɓa ƙuri'arsa, ko ba daɗe ko ba jima, sai ya iso zauren sarki.

Bari mu fara da sanin mazaɓar kanta. A tsarin da ƙasarmu ta bi har zuwa zaɓen ƙarshe na 2020, kowace jaha mazaɓa guda ce. Ke nan daga Magarya da Dungas a bakin iyaka, zuwa Kance da Mirya da Gure, har can Tanut da Balbeji, duk kwando ɗaya ake zuba ƙuri'a. Jam'iyya ke tsara jerin sunayen ƴan takararta, mai zaɓe ya zaɓi jam'iyya, sannan a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu. Ƙidayar 2012 ta nuna jaharmu ce ta fi kowace yawan jama'a, da mutum miliyan 3 da rabi. Saboda haka a zaɓen 2016 da na 2020, cikin kujeru 171 na majalisa, Damagaram na da 32, Maraɗi 31, Tawa 30, Yamai kuwa 10. Bayan waɗannan akwai kujera guda ta Tesker, ɗaya daga cikin mazaɓu takwas na musamman da aka keɓe domin al'ummomin da ba su da yawa, kamar Tubawa da Larabawa, kada muryarsu ta nutse cikin ta masu rinjaye. Duk wanda ya san lissafin siyasa ya san babu mai neman mulkin Nijar da zai iya kauce wa wannan jaha.

Sai dai nauyin bai fara da ƙuri'a ba. Damagaram ce babban birnin ƙasar nan a ƙarƙashin Faransawa daga 1911 har 1926, lokacin da aka mayar da fadar gwamna Yamai, nisan kilomita kusan 900. Tun daga ranar, duk wata magana tsakanin gabas da gwamnatin tsakiya sai ta ratsa wannan doguwar hanya. Shekara ashirin bayan haka, a 1946, aka kafa jam'iyyar PPN-RDA, aka kuma zaɓi Jori Hamani ya wakilci Nijar a majalisar Faransa. Amma masu ikon jefa ƙuri'a a wancan zamani ƙalilan ne: ma'aikatan gwamnati, tsofaffin sojoji, sarakuna da wasu ƴan kasuwa. Sai da dokar 1956 ta zo kowane baligi, namiji da mace, ya sami ƙuri'arsa.

Zaɓen farko na kowa da kowa domin majalisar ƙasar nan an yi shi a watan Maris na 1957. Ɓangaren Jibo Bakari, wanda jama'a suka sani da Sawaba, ya kwashe kujeru 41 cikin 60, RDA ta tashi da 19. Ƙarfin Sawaba ya fito ne daga ƙananan ƴan kasuwa, direbobi, leburori da masu sana'a na garuruwan gyaɗa, sannan daga ƙawancen da ta ƙulla da wata jam'iyya wadda sarakuna da dama ke mara wa baya. Wannan ƙawance bai yi ƙarko ba. Gwamnatin Jibo ta tuɓe rawanin wasu sarakuna, zukata suka ɓaci. Da Janar De Gaulle ya kira ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta ce a jefa "a'a" domin a sami ƴanci nan take, yawancin sarakuna kuwa, tare da sabon gwamnan da Faransa ta aiko, suka tsaya a kan "i". Sakamakon hukuma ya ba "i" kashi 78 cikin 100. Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe a watan Disamba. Duk da matsin da aka sha, mazaɓar Damagaram da ta Tasawa suka ba Sawaba kujerunsu. Aka soke sakamakon duka biyun, kuma a watan Oktoba na 1959 aka haramta jam'iyyar baki ɗaya.

Ina roƙon iyayenmu sarakuna su riƙe wannan babi da kyau, domin zan komo kansa. Cikin shekara biyu kacal, sarauta ta shiga jirgin wata jam'iyya, ta fita, ta shiga na wata, kuma a kowane karo akwai gidan da ya yi kuka.

Bayan samun ƴancin kai a ranar 3 ga Agusta 1960, zaɓe ya zama al'ada kawai. A 1965 da 1970 jeri guda na RDA aka ajiye wa jama'a, kujeru 50, sakamako kusan ɗari bisa ɗari. Ranar 15 ga Afirilu 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da gwamnati, ƙasa ta yi shekara 15 ba majalisa. A 1989, zamanin Ali Shaibu, aka sake zaɓen jam'iyya guda, MNSD, mai kujeru 93. Wanda ya shugabanci wannan majalisa ɗan jahar nan ne, Mutari Musa na Mirya, wanda ya sake riƙe muƙamin daga 1996 zuwa 1999, daga baya kuma ya hau gadon sarautar garinsu. Haka nan babban taron ƙasa na 1991, wanda ya buɗe ƙofar jam'iyyu barkatai, wani ɗan Damagaram ne ya jagorance shi, wato masanin tarihi Farfesa Andre Salifu.

Da ƙofa ta buɗe, sai Damagaram ta yi magana da babbar murya. Jam'iyyar CDS-Rahama, wadda tushenta ke nan garin, ta sami kujeru 22 cikin 83 a zaɓen Fabrairu 1993, bayan MNSD-Nassara mai 29, gaban PNDS-Tarayya mai 13 da ANDP-Zaman Lafiya mai 11. Wata guda bayan haka, ƙawancen canji ya ɗora Mahamman Usman a kan kujerar shugaban ƙasa da kashi 54 cikin 100. Karo na farko ke nan da mulkin Nijar ya canja hannu ta hanyar ƙuri'a, kuma ya sauka a hannun ɗan gabas. Murnar ba ta daɗe ba. Ƙawance ya watse a 1994, shugaba ya rushe majalisa, zaɓen Janairu 1995 ya ba Rahama kujeru 24 amma ya ba ƴan adawa rinjaye. Aka shiga zaman doya da manja tsakanin shugaban ƙasa da firaminista Hama Amadu, har ranar 27 ga Janairu 1996 da Ibrahim Ba'are Mainasara ya karɓe mulki.

Daga 1999 zuwa 2009 jaharmu ta koma matsayin mai naɗa sarki. Rahama ta sami kujeru 17 a 1999 da 22 a 2004, lokacin da majalisa ta ƙaru zuwa kujeru 113. Sau biyu ɗan takararta yana zuwa na uku a zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, sau biyu yana mara wa Tanja Mamadu baya, kuma shi ya shugabanci majalisar dokoki tsawon waɗannan shekaru goma. Rigimar tazarce ce ta kawo ƙarshen wannan zama: a watan Mayu 2009 shugaba Tanja ya rushe majalisa, a watan Fabrairu 2010 sojoji suka kifar da shi.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin da ya fi kowane girma. Jam'iyyar da ake ganin ta mallaki Damagaram, a zaɓen 2011 kujeru 3 kawai ta samu a faɗin ƙasa, rikicin cikin gida kuma ya biyo baya har aka kori wanda ya kafa ta. Kujerun jaha suka rarrabu tsakanin Tarayya, Nassara da sauran jam'iyyu. Amma mutumin da aka ɗauka tauraronsa ya faɗi, wanda ya zo na huɗu a 2011 da 2016, sai ga shi a zagaye na biyu a watan Fabrairu 2021 ƙarƙashin RDR-Canji. Abokin karawarsa kuwa shi ne Bazum Mohamed, wanda tun 1993 ya sha wakiltar Tesker a majalisa. Ƴan takara biyu na ƙarshe duk a wannan jaha tushen siyasarsu yake. Sakamakon hukuma ya ba Bazum kusan kashi 56 cikin 100, Usman kashi 44.

Kada mu manta da iyayenmu mata. Majalisar 1999 mace guda ce tak a cikinta. Dokar kaso ta shekarar 2000 ta tilasta a ba su aƙalla kashi 10 cikin 100, sai ga mata 14 a 2004. An ɗaga kason zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Su ne suka fi kowa haƙurin layi a ranar zaɓe, su ne kuma suka fi kowa daɗewa kafin su ga kujera.

Jama'a, in muka tattara wannan tarihi, abu biyu yake nuna mana.

Na farko, ƙuri'ar Damagaram ba ta taɓa zama gadon kowa ba. Ta bi Sawaba, ta yi shiru a zamanin jam'iyya guda, ta ɗaga Rahama, ta sauke ta, ta rabu, ta sake haɗuwa. Kujerar da take bayarwa kuma aro ce. Daga 1993 zuwa 2020 an zaɓi majalisa sau 9, uku kaɗai suka cika wa'adinsu: ta 1999, ta 2011 da ta 2016. Sauran duk rushe su aka yi. A cikin wannan tsawon lokaci fadar da muke zaune gabanta yau ba ta taɓa rufe ƙofarta ko da kwana guda ba. Sarauta ta yi wannan ƙarko ne domin inuwarta ta kowa ce, mai wannan tuta da mai waccan. Ranar da sarki ya ɗaura rawaninsa da ƙyallen jam'iyya, ya ɗaura shi da abin da ba ya wuce shekara biyar, kuma abin da ya faru a 1957 da 1958 ya ishe mu shaida. Shi ya sa kundin tsarin mulki na 2010 ya amince da sarakunan gargajiya a matsayin masu riƙon al'ada, ya kuma wajabta musu tsayawa tsakiya. Ko da doka ba ta faɗa ba, hankali ya faɗa.

Na biyu, nauyin ƙuri'armu a Yamai bai yi daidai da abin da ke komowa ƙauye ba. A tsarin da aka bi a zaɓen 2020, depite guda ya tsaya ne a madadin mutum sama da dubu 100, kuma ba wani yanki takamaimai da za a ce nasa ne. Manomin da ke bayan Dungas ya zaɓi alama a takarda, shugabannin jam'iyya ne suka tsara wanda ke sama da wanda ke ƙasa a jeri. Saboda haka depite ya fi jin tsoron mai rubuta jeri a kan mai jefa ƙuri'a. An sami abubuwan ci gaba, ba a musu: jami'ar Damagaram a 2010, matatar man fetur ta SORAZ a 2011. Amma birnin da ya ba ƙasa shugaba da shugaban majalisa ya shafe shekaru aru-aru matansa da yaransa na yawon neman ruwan sha da jarkoki. In rijiya ta ƙafe, ko makiyayi da manomi suka saɓa a kan burtali, ko lakwal ta rasa malami, talaka bai san ƙofar wane depite zai buga ba. Ƙofar mai gari da ta sarki ya sani.

Tun ranar 26 ga Yuli 2023 ƙasarmu ba ta da zaɓaɓɓiyar majalisa, kuma a watan Maris 2025 aka rushe dukkan jam'iyyun siyasa. Sunayen da muka lissafa a nan duk sun koma tarihi. Wata rana za a zauna a tsara yadda ɗan Nijar zai sake zaɓen wakilinsa, kuma a ranar za a nemi shawarar sarakuna, kamar yadda aka saba. Roƙona ga iyayen ƙasa shi ne su kai wannan magana inda za a ji ta: a yi tsarin da zai sa kowane yanki ya san depitensa da suna da fuska, ya san ƙofar gidansa, ya iya tambayarsa abin da ya yi da amanar da aka ba shi, a kuma kiyaye kujerun ƙananan al'ummomi irin ta Tesker, da kason mata. Roƙona ga matasa, waɗanda da yawansu ba su taɓa jefa ƙuri'a ba, shi ne su san kakanninsu sun sha wuya a kanta a 1958, don haka ba abin sayarwa ba ce a kan sabulu ko turmin atamfa. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

 Ina neman afuwar manya in harshe ya yi kaifi a wani wuri. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa wannan gida shekaru ɗari cikin zaman lafiya, ya ba jahar Damagaram da ƙasarmu Nijar damina mai albarka.