Rubutaccen shirinmu na wannan makon: Gansakuka a kwanon kare

Yau maganar karnuka za mu yi. Na san wani zai ce me ya haɗa mu da kare, to amma da yawanmu muna da karen gadi a gida, wasu kuma 'yan farauta ne.

Wani ƙanina ne ya turo mini bidiyo daga TikTok, wata Baturiya tana barbaɗa wa karenta koren gari a abinci. Sai ya ce, "Yaya, ai wannan gansakuka ce, ga ta nan cike da kududdufin bayan gidanmu, bari in kwaso wa nawa." Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Abin da suke barbaɗawa iri biyu ne. Na farko ciyawar teku ce, wadda ake busarwa a niƙa. Akwai wani samfuri daga Suwidin, PlaqueOff, da ake yi da irin wadda ke fitowa a gaɓar arewacin tekun Atilantika, ana ba kare don rage dattin haƙori da warin baki. Matsalarta tana da sinadarin ayodin sosai. Kaɗan jiki ke buƙata. Idan ya yi yawa sai ya rikita ƙullin nan na maƙogwaro, wanda idan ya kumbura a jikin mutum muke cewa maƙoƙo. Shi ya sa ake aunawa gwargwadon nauyin kare, kuma karen da ke da ciwon wurin ba a ba shi.

Na biyu sifirulina. Ita kam ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Matan Kanembu a Chadi sun daɗe suna tace ta daga tafkunan kanwa na yankin Kanem, su shanya ta a rairayi, su yi miya da ita, suna ce mata dihe. Fiye da rabin nauyin busasshiyarta furotin ne.

To ga inda ƙanina ya yi kuskure. Sifirulina tana da 'yan uwa masu kama da ita a ido, masu lulluɓe ruwan da ba ya gudu lokacin zafi, kamar an zuba koren fenti. Wasunsu na fitar da guba: wata ta lalata hanta, wata ta kama jijiyoyi har numfashi ya tsaya. A watan Agustan 2019, a garin Wilmington na jihar North Carolina a Amurka, karnuka 3 suka yi wasa a wani tafki, kafin gari ya waye duk sun mutu. Kuma kare ba sai ya sha da yawa ba, lasar jikinsa bayan ya fito ma ta isa. Babu maganin da ke karya gubar, tafasa ruwan ma ba ya kashe ta.

'Yan farauta, ku nake ji wa tsoro, don karnukanku duk ruwan da suka tarar a daji sha suke. Ku riƙa tafiya da jarka. In kare ya faɗa koren ruwa, a wanke shi nan take. In ya fara amai, dalalar miyau ko rawar jiki, a garzaya wurin likitan dabbobi, kar a jira safiya.

Shi kuwa ƙanin nawa, na tambaye shi ko ya yi wa karen allurar haukan kare bana. Shiru ya yi. Kuɗin da yake shirin yin odar garin da su, can muka kai su ranar Litinin.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.